Malami, Nemi Shaidarka Tun Ba a Tambaye Ka Ba

Ya ku 'yan'uwana malamai da ɗalibai na wannan kwaleji, ina so in yi muku magana bisa wata takarda wadda yawancinmu ba mu tunawa da ita sai ran da aka ce mu kawo ta. Ita ce takardar shaidar hali ta 'yan sanda, watau wadda ke nuna an duba littafin masu laifi na ƙasa, ba a sami wani hukunci a kan mutum ba. Ni a ganina, duk wanda ya zaɓi aikin koyarwa ya kamata ya je ya nemi wannan takarda da ƙafarsa, tun ba wanda ya tambaye shi.

A zamanin iyayenmu ba a bukatar haka. In saurayi zai kama aiki, sai hedimasta ya rubuta masa shaida, mai unguwa ya ce ya san ubansa, shi ke nan magana ta ƙare. Yau fa? Bauchi ta cika ta batse. Malami ya gama kwaleji a nan, gobe ka ji shi a Azare ko Ningi, jibi a Abuja, wani ma har ƙasar waje, inda ba wanda ya san asalinsa. Wa zai tsaya masa a can?

Mu mazauna Shadawanka mun fi kowa sanin wannan al'amari, domin muna maƙwabtaka da barikin soja. Duk wanda ya tuna da bam ɗin da ya tashi a kasuwar barikin nan ran 29 ga Mayu, 2011, ba zai ga laifin sojan da ya tsai da shi a ƙofa ya ce ya nuna shaida ba. To, in ƙofar bariki ta cancanci tsaro haka, ina ga ƙofar aji, inda iyaye ke ajiye abin da ya fi kome daraja a gare su?

Ga yadda ake neman takardar. Akwai babban ofishin rajistar masu laifi na 'yan sandan Nijeriya a Alagbon, cikin Ikko. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 16, ta ce kowace jiha ta ajiye tata rajista, a kuma aika da hukuncin kotu zuwa babbar rajista cikin kwana 30. A da mutane da yawa sai sun niƙi gari sun tafi Ikko. Yanzu ana farawa ne ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP. Mutum ya yi rajista da lambarsa ta ɗan ƙasa, ya cika takarda, ya sa hotonsa, ya biya kuɗin da aka yanka ta hanyar da shafin ya nuna, sa'an nan ya je ofishin da aka ce a ɗauki zanen yatsunsa. Wanda abin ya shige wa duhu ya je hedkwatar 'yan sanda da ke titin 'Yandoka ya yi tambaya. Kada ya ba ɗan kamasho kuɗinsa, ya kuma adana rasidinsa.

Dalilina na farko, saboda yara. A ƙasar Ingila cikin 2002, a wani gari da ake kira Soham, wani mai kula da ginin makaranta ya kashe 'yan mata biyu 'yan shekara goma-goma. Da aka bincika, sai aka ga an sha kai ƙararsa ga 'yan sandan wani yanki, amma labarin bai isa ga waɗanda suka ɗauke shi aiki ba. Wannan ya sa suka sake tsarinsu, har a 2012 suka kafa hukumar da ke tantance masu aiki da yara a yanzu. Mu ma a nan, cikin Nuwamba 2019, an buɗe rajistar ƙasa ta masu laifin fyaɗe a ƙarƙashin hukumar NAPTIP. In malaman kirki suka mai da nuna shaida al'adarsu, mugu zai rasa inda zai ɓuya a cikinsu.

Dalili na biyu, saboda kanka. Ku dubi rajistar ajinku, Muhammadu Sani nawa ne? A'ishatu Abubakar nawa? Mu Hausawa sunayenmu kaɗan ne, masu su da yawa. Ba abin mamaki ba ne laifin wani takwaranka ya maƙale a sunanka, ba ka sani ba sai ran da aiki ko tafiya ta taso. A nan zanen yatsa ke ceton mutum, gama Allah bai yi mutum biyu da zane iri ɗaya ba, ko da tagwaye ne. Wani Bature mai suna Francis Galton ya rubuta littafi a kan haka a 1892, 'yan sandan birnin Landan kuwa suka buɗe ofishin zanen yatsu a 1901. In akwai kuskure, gara ka gan shi kana da sarari, ka bi a gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da waɗansu za su ce. Wani zai ce, “Haba, ina malami a gan ni ofishin 'yan sanda ana dangwala yatsuna kamar ɓarawo?” Ɗan'uwa, ai mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. An ɗauki yatsunka wajen katin zaɓe, an ɗauka a banki, mutuncinka bai ragu ba. Wanda kuma aka taɓa kamawa aka sake shi, ya sani kamu daban, hukunci daban. Tsarin mulkin ƙasa, sashe na 36, ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa.

Wani zai ce kuɗin ya yi wa ɗalibi nauyi, ga shi takardar wata uku kaɗai take aiki. Wannan magana gaskiya ce, ba na musunta. Shawarata ita ce mutum ya nema sau ɗaya a shekararsa ta ƙarshe, don ya san abin da ke rubuce a kansa, ya kuma san hanya. In bukata ta zo daga baya, sabuntawa ba za ta ruɗe shi ba. Ina kuma roƙon hukuma ta sauƙaƙa kuɗin ga ɗaliban kwalejojin malamai.

Sai dai kada mu ɗora wa takarda abin da ba za ta iya ɗauka ba. Iyakar abin da take faɗi shi ne ba a sami hukunci a rubuce ba. Malamin da ke makara kullum, ko mai zagin iyayen yara, ko mai karɓar kuɗin jarrabawa, duk za su iya samunta fes. Saboda haka shaidar hedimasta da ta maƙwabta tana nan da ƙimarta, a haɗa su biyu.

Ina fata shugabannin kwaleji za su keɓe rana ɗaya su gayyato jami'in 'yan sanda ya yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani, kafin su fita koyon aiki. Mu kuwa malamai mu fara, ɗalibai su gani su bi. Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya ba mu ikon riƙon amanar 'ya'yan jama'a, amin.