Darɓar Waken Soya: Iri Mai Juriya Ya Fi Feshi, Amma Aikinsa Ba Ya Ƙarewa

A shekarar 2000 aka fara ganin darɓar waken soya a gonakin Jihar Wisconsin ta Amurka. Asalin wannan ƙwaro daga gabashin Asiya ya ke, inda aka fara noman waken tun zamanin da. Cikin 'yan shekaru kaɗan ya game jihohin tsakiyar Amurka, waɗanda su ne rumbun waken ƙasar. Darɓa ba ta cin ganye kamar fara. Ruwan jikin shuka ta ke tsotsewa, ta bar danƙo wanda baƙar fumfuna ke kamawa. Da damina matan kan haihu ba tare da namiji ba, saboda haka yawansu kan ninka cikin 'yan kwanaki. In aka yi sake, hasara takan kai kashi 40 cikin 100 na amfanin gona.

Da fari manoma sun dogara ga feshi. Malaman gona suka tsai da ƙa'ida cewa kada a fesa magani sai darɓa ta kai 250 a kan kowace shuka, tana kuma ƙaruwa. Amma feshi kuɗi ne kowace shekara, yana kuma kashe ƙudan zuma da ƙwarin da ke cinye darɓar. Daga 2015 kuwa aka tabbatar a Jihar Minnesota cewa maganin da aka fi fesawa ya fara daina kama ta.

Hanya ta biyu ita ce ta masu kyautata iri. Masana a Jami'ar Illinois sun bincika tsofaffin ire-iren wake, suka tarar darɓa ba ta yaɗuwa a kan wani mai suna Dowling. A 2006 suka bayyana ƙwayar gadon da ke ba shi wannan kariya, suka raɗa mata suna Rag1. Daga baya aka sami Rag2. Ana barbarar irin mai juriya da mai yawan yabanya, a yi ta zaɓe shekara da shekaru, har a sami wanda ya haɗa halayen biyu. Manomin da ya shuka shi, kariyarsa tana cikin iri tun ranar shuka.

To, amma ƙwaro ba ya zama wuri ɗaya. A 2008 aka ba da labarin wata darɓa a Jihar Ohio wadda Rag1 ba ta hana ta komai. A 2013 aka sami wata a Wisconsin da ta rinjayi Rag1 da Rag2 a haɗe. Wani zai ce ashe wahalar banza aka yi. Ba haka ba ne. Gwaje-gwaje sun nuna irin da ya haɗa ƙwayoyin biyu ya fi mai guda ɗaya kariya nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne, kafin a saki iri ɗaya, wajibi ne na bayansa ya kasance yana kan hanya. Akwai kuma wani cikas: kamfanonin iri ba su yawaita sayar da masu juriyar ba, irin da ya tsaya a tashar bincike kuwa bai tsare gonar kowa ba.

Mu a nan ba baƙin wannan darasi ba ne. A 1975 wata darɓa ce ta yaɗa kuturtar gyaɗa wadda ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa, kuma ire-iren da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar daga baya suna cikin abin da ya sa manoma suka koma mata. Yanzu da waken soya ya zauna da gindinsa daga Binuwai zuwa Kaduna da Kano, bai kamata a jira wata annoba ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi: kuɗin kyautata iri da na adana tsofaffin ire-ire ba na yankewa ba ne duk shekarar da aljihu ya yi zafi, domin iri guda kan ci kusan shekara goma kafin ya isa gona. Ɗalibai kuma su dubi wannan fanni da idon basira. Sai an shirya tun da rani a ke cin moriyar damina.