ZAUREN UWARGIDA: Tacewa Daban, Toshe Baki Daban

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga masu karatunmu na karkara, na Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Minjibir, waɗanda mujallar nan kan isa hannunsu bayan ta zaga gida uku ko huɗu. Allah Ya sa albarka a abin da aka noma, amin.

Uwargida, ke da kike tace gasara kin fi kowa sanin ma'anar kalmar tacewa. Idan kin jiƙa gero an markaɗo, kikan sa abin tata ki matse, dusa ta tafi wajen awaki, kamu ya kwanta a ƙasan roba. Ba a taɓa jin macen da ta ga dusa ta yi yawa ta kifar da kwaryar gaba ɗaya ba. To, da wannan idon nake so mu dubi aikin Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, da abin da ya shafi matan da suka ɗauki rubutu ko wasan kwaikwayo a matsayin sana'a.

An kafa hukumar a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000. Kurar da ta fi kowace tashi ita ce ta 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin mutane. Ba zan kama sunanta ba, domin ba mu da hurumin tone abin da ya wuce. Abin lura dai shi ne namijin da suke tare ba ɗan fim ba ne, kuma bai sha rabin tsinuwar da ita ta sha ba. A shekarar ne gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyantama a 2008, 'yan fim da dama suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos. Marubuta ma ba su tsira ba. A 2007 ɗin hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano, a shekarar da ta biyo baya kuma aka nemi marubuta su yi rajista da hukumar tacewa.

Maza sun sha ɗauri, wannan gaskiya ne. Amma namiji idan ya fito daga gidan yari yakan koma bakin aikinsa, wani ma farin jininsa ƙaruwa yake yi. Mace kuwa ko ba a ɗaure ta ba, tabon yana bin ta har gidan aure, har kan 'ya'yanta.

Dubi Rahama Sadau. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN, ba gwamnati ba, ta kore ta daga masana'antar saboda wani bidiyon waƙa da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ. Ni a ganina fitowar ba ta dace da 'yar Musulmi ba, ita ma ta fito ta ba da haƙuri. To amma me korar ta haifar? Yarinyar ta samu ƙofa a buɗe a finafinan Kudu, ta kuma tsaya da ƙafarta ta shirya fim ɗin Rariya a 2017 a ƙarƙashin kamfaninta, kafin a yafe mata a 2018. Wato an kore ta daga inda ake da iyayen gida masu iya yi mata faɗa, zuwa inda babu mai cewa ta gyara mayafi. Wannan dabara ce?

Wadda na fi so mu tsaya a kanta ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. An cire ta daga makarantar firamare aka yi mata aure tana 'yar shekara 13 ko ƙasa da haka, auren bai yi ƙarko ba, daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin yaƙi da jahilci. Wannan baiwar Allah ce ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da kuma Wa Zai Auri Jahila?, ta yi tafiya da ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, ta jagoranci ƙungiyar marubuta mata ta Kallabi, ta kuma shiga rubuta labarin fim da shirya shi da kanta, har ta fitar da Juyin Sarauta. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi.

Me ke cikin littattafan nan da ake yi wa irinsu kuɗin goro da sunan "littattafan soyayya masu ɓata tarbiyya"? A cikin Alhaki, Rabi ce matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, mai 'ya'ya tara, wadda miji ya ƙi ciyarwa yadda ya kamata, ya auro Delu, ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta, ta tarbiyyantar da 'yarta Saudatu har ta yi aure na mutunci. Da gobara ta cinye shagon Alhaji, wa aka koma nema? Rabi. A cikin Wa Zai Auri Jahila? kuwa, Abu ce yarinyar ƙauye da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, sa'an mahaifinta, ta gudu birni wajen 'yar'uwar iyayenta, ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

'Yar'uwa, ki faɗa mini tsakani da Allah, a unguwarku babu Rabi? Mu da muka san karkarar arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, gado ya rarraba fili har ya zama abin da magidanci zai noma ba ya kai iyalinsa wata kakar, mun san yadda ake ciki. Da an gama girbin gero da wake maigida ya tafi cirani, uwargida ce za ta soya ƙuli-ƙuli, ta matse man gyaɗa, ta yi daddawa, ta ɗora wa yarinya talla don a samu na cefane da na kayan ɗaki. Idan aka sake ta, wane ne ke bin kadin ciyar da 'ya'yan, alhali shari'a ta ɗora shi a wuyan uba? Hudubar Juma'a ba kasafai take kaiwa nan ba, mu kuma yawancinmu ba ma zuwa masallacin. Marubuciya irin Balaraba ce ta ɗauki wannan kukan ta fitar da shi daga tsakar gida. Littafin da ya nuna zalunci don a guje shi bai zama ɗaya da wanda ya ƙawata alfasha don a sayar ba, ko da an jera su a tebur ɗaya a bakin kasuwa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na goyon bayan a sakar wa kowa mara ya yi abin da ya ga dama. Akwai finafinan da rawa da matsattsun kaya ne kawai jarinsu, akwai littattafan da uwa ba za ta iya karanta shafi ɗaya a gaban 'yarta ba, kuma hukuma na da haƙƙin ta tsawatar. Abin da nake tsoro shi ne idan sanda ta yi yawa, mace mai kamun kai da ke da labari mai ma'ana ita ce ta farkon janyewa, domin tana da miji da surukai da sunan gidansu da take karewa. Wadda ba ta da abin asara ita za ta rage a fili. Daga nan sai mu zauna muna ƙorafin cewa babu na kirki a harkar.

Ga kuma wani abu da zamani ya zo da shi. A da sai an je shagon haya an karɓo kaset ko littafi, ana iya ganin mai shiga da mai fita. Yanzu yaro zai kai waya shagon caji a tura masa finafinai cike da memori da kuɗi kaɗan, na Hausa da na Indiya mai fassara da wanda ba a san asalinsa ba. Littattafai kuma sun koma WhatsApp, ana biya ana karantawa shafi-shafi. A watan Mayun 2025 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi ma ɗan fim ne, ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai mata su ta duba kafin a sake su ba. Wato hannunta na kaiwa ga masu ofis da suna da adireshi a Kano. Abin da ke cikin wayar 'yarki da ƙarfe goma sha ɗayan dare kuwa, babu jami'in da zai gan shi sai ke.

Saboda haka ki daina cewa "kashe wannan abin" daga bakin murhu ba tare da kin san me ake kallo ba. Ki zauna ki kalla tare da ita ko da kashi ɗaya ne, ki tambaye ta wa ya yi daidai a labarin, wa ya yi kuskure, kuma da ita ce me za ta yi. Amsar da za ta ba ki za ta nuna miki inda tarbiyyarta ta kwana. Idan kuma kin samu Wa Zai Auri Jahila? wajen masu tsofaffin littattafai, ki ba 'yarki mai zuwa makaranta ta karanta muku da ƙarfi bayan sallar isha'i, ki gayyato abokiyar zamanki, ki bar ƙofar ɗaki a buɗe yadda maigida zai jiyo daga inda yake kishingiɗe.

Ina jiran wasiƙunku a kan wannan batu, musamman daga iyaye matan da 'ya'yansu suka nuna sha'awar rubutu. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.