Ruwa garau ba shi ne lafiyar fadama ba



Ranar Lahadin da aka yi zaman unguwa kan maganar fadamar bayan gari, wani wakilin masu haƙar zinare ya zo mana da takarda ɗaya mai tambari, ya ɗaga ta sama kamar wanda ya ci shari'a. Wai an ɗebi ruwan fadamar an kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna zaibar da ke ciki ba ta kai abin tsoro ba. Aka tafa. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "To ai shi ke nan, maƙiya sun ji kunya." Na ɗaga hannu na tambaya: daga wane gefe aka ɗebi ruwan, a wane wata, kuma an haɗa da taɓo da kifi? Aka ce in zauna, wai so nake in tona wa Hausawa asiri a ƙasar mutane. Tun da ba a bar ni na ƙarasa a can ba, bari in ƙarasa a nan.

Ban ce takardar ƙarya ce ba. Mai yiwuwa duk lambobin da ke cikinta daidai ne. Abin da nake cewa shi ne, an aika yaro neman ɓarawo a ɗakin da ɓarawon ba ya kwana, ya dawo ya ce bai ga kowa ba.

Zaiba, wannan ƙarfen mai gudu kamar ruwa da yaranmu ke cuɗawa da yashi don ya kama ƙurar zinare, ba ta zama a cikin ruwa ta jira mai gwaji. Tana maƙalewa a jikin laka da ruɓaɓɓen ganye, ta nutse ƙasa. Kwana biyu bayan an daina wanki, ruwan sama zai yi garau, ka ɗiba a kofi ka ga fuskarka. Ita kuwa tana can ƙasa cikin taɓo, kuma za ta iya yin shekaru aru-aru a wurin, don ba ta ruɓewa.

Da kwanciya kawai take yi, da sauƙi. Duk wanda ya taɓa zurma ƙafa cikin baƙin taɓon fadama ya san warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai. Warin aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu rayuwa inda iska ba ta shiga, suna ci da gishirin farar wuta da ake kira salfet. Su ne ke juya zaiba ta koma wani nau'i da masana ke kira metilmakuri, kuma shi ne mugun. Shi ne ke shiga jikin mai rai ya ƙi fita da wuri. Abubuwan da waɗannan halittu ke so duk fadama ta tara musu: ruwa a kwance, ciyawa mai ruɓewa, ɗumi. Salfet ɗin kuma muna ƙara musu da hannunmu, daga wani takin zamani da ake zubawa a lambu, da kuma duwatsun da ake fasowa daga ƙarƙashin ƙasa a bar su a sarari ruwan sama yana wanke su. Akwai kuma lokacin da abin ya fi tashi: fadama ta bushe da rani, ƙasa ta tsage, sai ruwan farko ya sauka ya jiƙa ta. Shi ya sa na tambayi watan da aka ɗebi ruwan. Ba neman rigima ba ne.

Daga taɓo sai gansakuka da ƙwari, daga su sai ƙananan kifi, daga su sai tarwaɗa da sauran kifayen da ke cin 'yan'uwansu. Kowane mataki tara ta yake yi. Abin da ke jikin babban kifi mai farauta yana iya ninka na cikin ruwan da yake iyo sau miliyan ko fiye. Ku sake karanta wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar zaiba a ruwan sha a maikirogiram 6 cikin lita ɗaya, wato ka raba giram ɗaya gida miliyan ka ɗauki shida. Ruwan fadama zai iya zama ƙasa da wannan nesa ba kusa ba, alhali kifin cikinsa ya haura rabin miligiram a kilo, iyakar da ƙasashe da yawa ke amfani da ita ga kifin ci. Takardar da aka tafa wa ba ta ce komai kan kifi ba. Mu kuwa ba ruwan fadama muke sha ba, yawancinmu ruwan leda ne da na rijiyar burtsatse. Kifin muke ci.

Kuma don Allah iyayenmu mata, a daina cewa wuta na kashe komai. Suya ba ta fitar da ita, banda ba ta fitar da ita, tafasa ba ta fitar da ita, don a cikin tsokar kifin take. Alif yana kwantar da dattin ruwa ne kawai. Babba zai iya shekaru yana ci bai ji komai ba, sai daga baya yatsu da leɓe su fara dindiris, gani ya ƙuntata, tafiya ta zama kamar ta mai maye. Wanda ya fi shiga uku shi ne ɗan da ke ciki, don gubar tana ratsa mahaifa ta isa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Uwa lafiyarta ƙalau, yaro ya zo ya yi jinkirin magana, ya kasa riƙe karatu, a ce iska ce ko gado.

Ba mu ne farko ba. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956 aka fara gane cutar, bayan kyanwoyin garin sun daɗe suna rawa suna faɗawa teku. Wata masana'anta ce ke zuba guba a gaɓar da masunta ke kamun kifi, kuma sai 1968 gwamnati ta amsa a hukumance cewa daga nan ne. Shekara 12 ana musu, mutane na cin kifi. Amma misalin da ya fi kama da namu shi ne na Ebagilets, wata makekiyar fadama a jihar Fulorida ta Amurka. Babu ramin zinare a can. Zaibar daga hayaƙin wuraren ƙona shara da sauran masana'antu ta zo, ruwan sama ya sauko da ita, salfet kuma ya gangaro daga yankin gonakin rake. Ruwan nan garau yake. A ƙarshen shekarun 1980 da suka auna naman kifi ne hankalinsu ya tashi, har aka gargaɗi jama'a kan cin wasu kifaye a 1989. Tun daga nan suke auna ruwa da taɓo da kifi ƙanana da manya, a wurare iri ɗaya, shekara bayan shekara. Da aka matsa wa masu hayaƙin, awon ne ya nuna musu cewa gubar ta ragu a jikin kifi da tsuntsaye. Da kofi ɗaya suka ɗiba suka tafa, da har yau ba su sani ba.

Yanzu maganar tona asiri. Na san inda tsoron ya fito, kuma ban raina shi ba. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Sabon Ife cikin Maris 2017 ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara idan aka ce "Hausawa ne." Na kuma san cewa idan kogin Osun ya yi ja, yaron da ke cikin rami da shebur ake nunawa da yatsa, ba a nuna mai motar tonon ƙasa, ko wanda ya sayar da gonar koko, ko mai sayen zinaren da ke zaune a inuwa. A 2020 da aka yi kame a jihar nan, har da 'yan China a ciki. Ba yaron Zamfara ne ke sayen katafila ba. Duk wannan gaskiya ne.

Amma wane asiri ne ya rage? A 2022 jaridun duniya sun buga labarin gurɓatar kogin Osun, har gwamnatin jiha ta ja kunnen masu zuwa bikin Osun a Osogbo kada su sha ruwan. Maƙwabtanmu suna ganin launin ruwan da idonsu. Shirunmu ba ya ɓoye musu komai, sai dai ya sa su ɗauka mun sani kuma ba mu damu ba. Sannan wa shirun yake karewa? Yaron da ke ƙona dunƙulen zaiba a cokali cikin ɗakin haya, ƙofa a rufe don kada a ga abin da ya samu, shi ne na farkon shaƙa. Tururin ba shi da launi, ba shi da wari, yana kama bango da katifa. Wannan ɗakin a Sabo yake, ba a Itagunmodi ba. Yaran gidan namu ne.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan darasi. A 2010 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara sama da 400 suka mutu saboda gubar dalma daga dutsen zinaren da ake dakawa a tsakar gida. Dalma daban, zaiba daban, na sani. Amma can ma sai da aka zo aka auna ƙasa da jinin yara kafin a yarda ba zazzaɓi ba ne. Cikin waɗanda suka tafa ranar Lahadi akwai mutanen waɗancan garuruwa. Wallahi wannan ne ya fi ba ni mamaki.

Abin da nake roƙon shugabanninmu bai fi ƙarfinmu ba. Mai girma Sarki da 'yan majalisarsa su nemi sarakunan ƙauyukan da fadamar ta ratsa, a rubuta takarda ɗaya da sa hannun Hausawa da Yarbawa, a kai ma'aikatar muhalli ta jiha da hukumar NESREA. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba tun 2018, don haka ba alfarma muke nema ba. A nemi awo sau biyu aƙalla a shekara, ƙarshen rani da bayan ruwan farko. A zaɓi wurare tsayayyu, sama da wurin wanki da ƙasa da shi, a kafa alama. A ɗebi taɓo, a duba tsaminsa da salfet ɗinsa, a ɗebi kifin da ake kamawa a wurin, babba da ƙarami. Kada mai haƙa ya zama shi ne mai ɗiban samfur. Jami'ar Obafemi Awolowo tana nan Ife, ba tafiyar kwana ba ce, kuma muna da 'ya'ya masu karatun kimiyya da za su iya raka masu ɗiba su rubuta rana da wuri. Sakamako kuma a karanta shi da Hausa a masallacin Juma'a, mai daɗi ne ko marar daɗi.

Za a ce kuɗi. Da aka tashi gyaran kwatar bakin kasuwa, mahauta da masu goro da 'yan acaɓa sun yi karo-karo cikin wata guda. Akwai kuma abin da ba ya jiran kowace hukuma: tukunyar ƙona zaiba mai murfi da bututu, wadda ke mayar da tururin ya koma ruwa a sake amfani da shi. Mai walda zai iya haɗa ta da guntayen bututun famfo. Ƙungiyar masu sayen zinare ta sa doka, ba ƙonawa a ɗakin kwana, ba ƙonawa a buɗe.

Kafin awon ya fito, ni dai na ce wa maiɗakina, tana da juna biyu, ta bar kifin fadamar nan. Mai kifin da muke saye wurinta ta ji haushina, kuma tana da hujja, don ba ita ta zuba komai ba, kuma ba ni da takardar da zan nuna mata cewa kifinta na da guba. Na ce mata ita ma ba ta da wadda za ta nuna min cewa ba shi da ita. Ta ce in an tashi kai takardar a sa sunanta.