Faɗakarwa a kan Tambayar Ministan Sufuri a Gaban Majalisa

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai masu karanta wannan takarda, ina so in yi magana da ku a kan wani al'amari wanda da yawanmu mu ke ɗauka ba namu ba ne, na 'yan boko ne da 'yan siyasa, alhali kuwa mu ne mu ke shiga mota, mu ne mu ke shiga jirgin ƙasa, kuma in hanya ta ci mutum mu a ke kira mu yi masa sutura. Al'amarin shi ne yadda Majalisar Tarayya ta ke tambayar ministan sufuri abin da ya yi da dukiyar jama'a da rayukansu. Abin da na ke gani, kuma shi zan kafa wa hujja, shi ne tambayar nan kullum a makare ta ke zuwa, domin ba a yanka mata rana ba.

Ku sani majalisa ba ta rasa ikon tambaya ba. Ni ban yi boko ba, wani almajirina ne ya karanta mini tsarin mulkin 1999, ya fassara, na sa ya maimaita har na riƙe. Sashe na 67 ya wajabta wa minista ya halarci majalisa in an kira shi, ya bayyana yadda ya ke tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike, domin ta tona cin hanci da sakaci da ɓarnar dukiya. Sashe na 89 kuwa ya ba ta ikon kiran kowane mutum ya kawo shaida ko takarda, in ya ƙi zuwa ba da uzuri ba a ba da sammacin kawo shi tilas. Sanatoci 109 da wakilai 360 ke riƙe da wannan iko. To, ga wuƙa ga nama. Mu duba yadda aka yi da su a sha'anin jirgin ƙasa.

An buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a watan Yuli 1916... a'a, kada alƙalami ya zarce, a watan Yuli 2016, tsawonsa kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa, kuma a cikin kuɗin gininsa akwai bashin dala miliyan 500 daga wani bankin gwamnatin ƙasar Sin. Bayansa aka yi ta ƙulla waɗansu basussuka. Sai a ƙarshen watan Yuli 2020 wani kwamiti na Majalisar Wakilai, mai duba yarjejeniyoyin da ƙasa ta ƙulla, a ƙarƙashin Ossai Nicholas Ossai, ya zauna da ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi. Suka fito da wani sharaɗi a cikin wata takardar bashi ta 2018, ta dala miliyan 400, wadda ma ba ta jirgi ba ce, ta aikin sadarwa ce. Sharaɗin ya nuna in saɓani ya tashi a kan bashin, Nijeriya ba za ta fake da cewa ita ƙasa ce mai mulkin kanta, ba a kai ta ƙara ba. Nan da nan gari ya ɗauka, wai an jinginar da ƙasa ga Sin. Minista ya ce wannan sharaɗi sananne ne a irin waɗannan basussuka, sa'an nan ya roƙi a jinkirta binciken, kada masu ba da bashi su tsorata su hana dala biliyan 5.3 da a ke nema domin layin Badun zuwa Kano. Da aka sake zama a watan Agusta sai magana ta zama cacar baki tsakanin minista da shugaban kwamiti, har Kakakin majalisa, Femi Gbajabiamila, ya shigo zauren da kansa ya sa aka tsagaita. Ba a daɗe ba shugabannin majalisa suka dakatar da zaman kwamitoci sai an dawo daga hutu.

Ni a ganina kowanensu yana da rabin gaskiya. Wanda ya karɓi bashi ya yarda a kai shi gaban mai hukunci in ya ƙi biya, bai sayar da gidansa ba, wannan ko ɗan kolin kasuwar Kurmi ya san shi. Amma faɗar minista cewa a yi shiru sai kuɗi ya shigo hannu, ba ta karɓuwa, gama bashin ba shi zai biya ba, mu da 'ya'yanmu ne za mu biya, kuma mai biya yana da hakkin ya ji sharaɗi kafin a sa hannu. Babban aibi dai shi ne takardar da aka sa wa hannu a 2018, sai a 2020 wakilan jama'a su ke karanta ta a bainar jama'a, suna mamaki. Shekara biyu! Kuɗin da aka ce a yi shiru dominsa kuwa bai zo a lokacin da aka zata ba, har a farkon 2022 ministan da bakinsa ya yi kukan cewa ayyuka sun tsaya domin Sin ba ta ba da kuɗi.

Wannan na dukiya ne. Ga na rai. A watan Oktoba 2021 'yan bindiga suka sa nakiya a kan layin Abuja zuwa Kaduna, suka lalata wani yanki, aka tsai da jirgi 'yan kwanaki, aka gyara, aka ci gaba. Wannan gargaɗi ne wanda ko kurma ya ji. Bayan wata biyar, ran 28 ga Maris 2022 da dare, suka sake sa nakiya, suka tsai da jirgin da ya taso daga Abuja, suka kashe aƙalla mutum 8, suka kora fiye da 60 cikin daji, maza da mata, da tsofaffi da yara. Na ƙarshensu, mutum 23, ba su fito ba sai ran 5 ga Oktoba, watau fiye da wata shida, jirgin kuma bai koma aiki ba sai ran 5 ga Disamba.

Bayan harin ne minista ya gaya wa 'yan jarida cewa ya nemi a amince a sayi na'urorin tsaron layin, na wajen naira biliyan 3, amma ba a amince ba. Sa'an nan jaridu suka buga cewa Majalisar Zartarwa ta mayar da takardar tasa tun a watan Satumba 2021, domin ba ta gamsu da kamfanin da aka kawo ba. Ba ni da hurumin in ce wane ne mai laifi a tsakaninsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan saɓani yana nan kwance a cikin fayil wata shida, mutane suna ta yankan tikiti suna shiga, domin sun guje wa hanyar mota, ba su san cewa manya sun saɓa a kan tsaron layin ba, sai da aka yi jana'iza. A watan Mayu ma ministan ya ajiye aiki ya tafi neman takarar shugaban ƙasa, mutane na daji.

Yanzu ku ƙaddara akwai wata rana yankakkiya, ko da sau ɗaya a wata, wadda ministan sufuri ba shi da makawa sai ya tsaya a zauren majalisa, ko an yi hari ko ba a yi ba. A watan Nuwamba 2021 wani wakili daga Kaduna ya tashi ya ce, tun da aka sa nakiya a layin nan, me aka saya, me aka girka, nawa aka kashe, yaushe za a gama? Ko dai minista ya faɗi gaskiya, cewa takardarsa ta dawo, jama'a su ji su yi wa kansu shawara, ko ya ɓoye, a rubuta ɓoyon nasa, a riƙe shi da shi a wata mai zuwa. Ban ce wannan zai hana harin lalle ba, amma da nauyin ya hau kan masu iko tun ran nan, wata huɗu kafin a zubar da jini. Ku da ku ke karantarwa kun san wannan. Malamin da ya ke jin hadda kowace safiya, shi ke gane yaro ya fara kwance tun kwancewar tana layi ɗaya. Wanda bai zo ba sai ranar sauka, da bulala a hannu, ihu bayan hari ya ke yi.

Irin wannan rana akwai ta a waɗansu ƙasashe. A majalisar Ingila, ministoci 'yan majalisa ne, kuma daga Litinin zuwa Alhamis a kan buɗe zama da wajen sa'a guda ta tambayoyi, ma'aikatu suna karɓa bi da bi, sai layi ya zagayo kan kowace babbar ma'aikata, har da ta sufuri, kamar bayan mako biyar. Ɗan majalisa ya kan rubuta tambayarsa ya miƙa tun kwanaki kafin ranar, a yi ƙuri'a a fid da waɗanda za a yi. In minista ya amsa, mai tambaya yana da damar ya ƙara wata wadda ba a rubuta ba, kuma a nan ne a ke gane wanda ya san aikinsa da wanda aka rubuta wa. Akwai kuma tambaya a rubuce wadda a ke amsawa a rubuce, da tambayar gaggawa wadda Kakaki ke ba da izninta in wani abu ya taso. Duk abin da aka faɗa a kan rubuta shi a littafin majalisa, kowa ya karanta.

Kada ku zaci ina cewa ministocinsu ba su yin shirme. A ƙarshen 2018, suna shirin fita daga ƙungiyar ƙasashen Turai, ma'aikatar sufurinsu a ƙarƙashin Chris Grayling ta ba wani kamfani, Seaborne Freight, kwangilar fam miliyan 13.8 domin jigilar kaya a teku, alhali kamfanin ba shi da jirgin ruwa ko ɗaya. Jaridu suka tona, kuma a watan Janairu 2019, majalisa na dawowa daga hutu, aka tsai da shi ya amsa. A Fabrairu aka soke kwangilar bayan wanda ke goya wa kamfanin baya ya janye. A Maris gwamnati ta yarda ta biya kamfanin Eurotunnel fam miliyan 33 domin ya janye ƙarar da ya kai a kan yadda aka ba da kwangilolin. Ministan bai sauka ba sai a watan Yuli, da aka sake gwamnati. Watau tambaya ba ta mai da shi gwani ba, ba ta kuma hana hasara duka ba. Amma ku auna, tsakanin sa hannu da tsayawa a amsa makonni ne kaɗan, mu kuwa shekara biyu.

Na san abin da wani zai ce, wai su ministocinsu a cikin majalisa su ke, mu kuwa tun 1979 muka ɗauki tsari irin na Amurka, inda ɗan majalisar da aka naɗa minista sai ya bar kujerarsa. Haka ne. Amma abu biyu. Na fari, wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a gare mu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya aka ba shi sufuri, kafin ya zama Firayim Minista a 1957, kuma duk wannan lokaci wakili ne a majalisa a Ikko, yana zaune tare da masu tambayarsa, yana tashi yana amsawa. A wannan zamani aka kafa hukumar jiragen ƙasa a 1955, aka kuma karɓi bashin dala miliyan 28 daga Bankin Duniya a 1958, aka ja dogo har Maiduguri a 1964. Tambaya ba ta hana aikin tafiya ba. Na biyu, ƙasar Kenya ma tsarin shugaban ƙasa gare ta, ministocinta ba 'yan majalisa ba ne, amma a 2023 majalisarsu ta gyara ƙa'idodin zamanta, ta sa ministoci su riƙa zuwa zaure ran Laraba suna amsa tambayoyi. Mu kuwa sashe na 67 ya riga ya buɗe ƙofa, abin da ya rage majalisa ta rubuta ranar a cikin ƙa'idodinta.

Akwai wata fa'ida kuma wadda ba a cika faɗa ba. Mutane da yawa suna zargin cewa wani kiran na kwamiti ba domin jama'a a ke yinsa ba, domin a tsorata ma'aikata ne a sami rabo. Ko zargin gaskiya ne ko ƙarya, yana ba minista mafaka, ya ce ai siyasa ce. Tambayar da ke da rana sananniya, a fili, a rubuce, ba ta da kasuwa, domin ba mai iya sayar da shirun da ba a hannunsa ya ke ba. Haka kuma ya kamata shugaban ƙasa, in zai aika sunayen ministoci ga Majalisar Dattawa, ya rubuta ma'aikatar kowa a gaban sunansa. Ta yaya za a tambayi mutum sha'anin jirgi, alhali ba a san shi za a ba jirgin ba? Sai a ce ya rusuna ya wuce.

Ba ina magana a kan abin da ya wuce kaɗai ba ne. A watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, aikin kusan dala biliyan 2, a Yuli kuma aka aza na Kaduna zuwa Kano. Waɗannan ta gonakinmu su ke ratsawa, mu za mu shiga, mu za mu biya. Kowanenku da ya iya riƙe alƙalami, ya rubuta wa wakilin mazaɓarsa, da ajami in shi ya iya, ya sa 'yan unguwa su sa hannu. Ya tambaye shi nawa aka karɓo, daga wa, a kan wane sharaɗi, wa aka biya diyyar gona wa ba a biya ba, da wane shiri aka yi na tsaron layin kafin jirgi ya fara bi. Sa'an nan ya roƙe shi ya kai ƙudurin yanka ranar tambaya, a kuma riƙa fassara amsoshin da Hausa a karanta a rediyo. Ku ajiye kwafin takardar da ranar da kuka aika, domin in ya dawo neman ƙuri'a ku karanta masa ita a zaure.

Wassalamu.