Ra'ayinmu: Mai duba kofato ya duba tafin ƙafarsa

Babu makiyayin da zai ga saniyarsa tana ɗingishi ya kwana bai ɗaga kofatonta ba. Amma shi kansa sai ya shekara bai kalli tafin ƙafarsa ba. Wannan sakaci yana cin rayuka.

Akwai wata muguwar sankarar fata da likitoci ke kira melanoma. Mutane da yawa sun ɗauka cutar Turawa ce kawai. Gaskiya ne ta fi yawa a cikinsu, amma idan ta kama baƙar fata, galibi a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce take ɓulla. Ita ce ta kashe mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a 1981 yana da shekara 36, bayan an gano ta a babban yatsan ƙafarsa a 1977.

Mu da muke yini cikin ƙaya da tsakuwa, komai ya fito a ƙafa sai mu ce kaushi ne ko sartse. To, ga abin lura: baƙin tabo da ke ƙara faɗi, wanda gefensa ba daidai ba, ko launinsa ya gauraya, baƙin zane a farce da ke girma, gyambon da ya ƙi warkewa ko yake zub da jini. Sau da yawa ba ya zafi da farko. Idan an yanke shi a asibiti tun yana saman fata, mafi yawan masu shi sukan warke. Idan ya kai ga kaluluwa a matsematsi, aiki ya yi nisa.

Saboda haka muna kira ga ardo-ardo da shugabannin kara su sa jama'arsu duba ƙafa da farce sau ɗaya kowane wata, bayan wanka, da hasken rana. Tsoho, ɗansa ya duba masa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi lalas. 'Yan'uwanmu zabiya kuwa, rana ce babbar abokiyar gabarsu: a ba su malfa da riga mai dogon hannu, a raba su da kiwon tsakar rana, likita ya riƙa duba su.

Ga hukuma kuma: tun 2021 akwai na'urar gashin sankara a Yamai, amma rugga tana nesa da Yamai. Ma'aikatan da ke zuwa rigakafin dabbobi da taron Ingal, a haɗa su da masu duba mutane.

Kuɗin mota zuwa asibiti bai kai kuɗin ɗan akuya ba. Allah ya tsare mu da dukiyarmu.