WhatsApp rumfar haya ce, ya kamata ƙungiyoyinmu su mallaki tasu

Da yammacin 4 ga Oktoban 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kusan awa shida. Ina jiran edita ya turo min gyaran labari, maƙwabciyata mai sayar da atamfa kuma tana jiran kwastoma ya turo shaidar biya. Kowa ya yi ta kashe data yana kunnawa yana zargin layinsa, alhali matsalar tana cikin kwamfutocin kamfani guda a Amurka.

Tun daga ranar nake tunanin yadda muka kwashe komai muka zuba a rumfar haya. Ƙungiyar 'yan kasuwa, zauren tsofaffin ɗalibai, kwamitin unguwa, sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, duk a WhatsApp suke. Mai rumfa na iya rufe asusun mutum ba tare da ya ji ta bakinsa ba. Rigimarsa da hukuma ma tana iya shafarmu: bayan hukumar FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a Yulin 2024, an yi ta raɗe-raɗin WhatsApp zai bar Najeriya. Kafin nan mun ga yadda gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Akwai wata hanya, kuma kowa ya san irinta. Mai adireshin Gmail yana aika wa mai Yahoo imel ba tare da wata matsala ba, domin kamfanonin biyu suna bin ƙa'ida ɗaya da kowa ke da damar amfani da ita. Saƙon nan-take ma yana da irin waɗannan ƙa'idoji: XMPP, wadda ta fara da sunan Jabber a 1999, da Matrix, wadda ta fito a 2014.

A wannan tsari, kowace ƙungiya tana iya kafa uwar garkenta, wato kwamfutar da ke riƙe asusun mambobi tana isar da saƙonninsu. Mamban wata ƙungiya a Kano zai yi hira da na wata a Maraɗi, kowa a uwar garkensa, ta manhaja irin Element. Idan ɗaya ta faɗi, sauran suna ci gaba da aiki. Gwamnatin Faransa ta gina wa ma'aikatanta manhajar Tchap a kan Matrix a 2019, rundunar sojin Jamus ma a kansa ta gina BwMessenger.

Sai dai abin yana da nauyinsa. Uwar garke tana cin kuɗin haya duk wata, ko wuta da intanet idan a ofis aka ajiye ta. Tana buƙatar mai kula da ita da zai riƙa sabunta manhaja, ya kuma ajiye kwafin bayanai. Ko da an rufe saƙonni yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya karantawa, mai kula da uwar garken yana iya ganin wa ke magana da wa. Don haka amanar da aka ɗauke daga kamfani, kan wani ɗan ƙungiya take komawa. Idan kuma aka katse layukan waya gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumban 2021, mai waya a hannu ba zai kai ga uwar garkensa ba.

Babbar matsalar ma ita ce sabo. Inna da kawu ba za su bar inda jikokinsu suke ba, kuma ban ce su bari ba. Da masu hali nake: jami'o'i da kwalejojin fasaha masu sashen kwamfuta, ƙungiyoyin 'yan jarida da na lauyoyi, da manyan ƙungiyoyin kasuwa. Su fara da kwamitin shugabanni, su rubuta wa ke riƙe da makulli da yadda za a karɓe shi idan ya sauka, su sa kuɗin haya cikin kuɗin ƙungiya kamar na kujeru da lasifika.

Mun saba tara kuɗi mu haƙa rijiyar burtsatse a unguwa saboda famfo ba shi da tabbas. Sakataren ƙungiyarku ya saka wannan batu a ajandar taro mai zuwa, tun kafin wata ranar da saƙo zai ƙi tafiya.