Idan Rumfa Ta Faɗi, Wa Zai Biya Diyya?

Duk wanda ya san Adjamé da Treichville ya san cewa mu Hausawan Abidjan ba mu bar al'adarmu a gida ba. Muna gayyato mawaƙa daga Kano da Maraɗi, mu kafa rumfuna, mu jera kujeru, mu ɗauko janareto. Muna lissafin kuɗin makaɗa da na abinci har sefa ta ƙarshe. Abu guda ne ba ya shiga lissafinmu: idan rumfa ta rufta wa yaro, ko wayar lantarki ta kama baƙo, wa zai ɗauki nauyi?

Birnin nan ya ɗanɗana ɗacin turmutsitsi. Ranar 29 ga Maris, 2009, mutum 19 suka rasu a filin wasa na Houphouët-Boigny, a wasan Kodebuwa da Malawi. Daren shiga shekarar 2013, kimanin mutum 60 suka mutu kusa da wannan filin bayan kallon wasan wuta, da yawansu yara. Waɗannan tarurruka ne da hukuma ta shirya, da jami'an tsaronta. Ina ga namu da ake yi a bakin titi?

Dokar ƙasar nan ta ce wanda ya jawo wa wani ɓarna shi zai biya, ko da ta sakaci ce. Ƙungiyar da ba ta yi rajista ba kuwa, shugabanta da wanda ya sa hannu a takardar neman izini su za a fara nema. Kuɗin asibiti kaɗai na iya cinye jarin ɗan kasuwar da zumunci ya sa shi gaba.

Maganin wannan shi ne inshorar mai shirya taro. Ƙungiya za ta biya ƙayyadadden kuɗi, ta bayyana rana da wuri da yawan jama'a, kamfani ya ɗauki nauyin diyyar wanda ya cutu. Tsarin CIMA, da aka kafa a Yawunde a 1992, shi ke kula da wannan harka a Kodebuwa da Nijar, kuma ƙa'idarsa ita ce kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗin. Ba a yin ta bashi, ba a kuma yin ta bayan ɓarna.

Wasunmu na ƙyamar inshora saboda shubuha. Damuwarsu abar girmamawa ce, sai dai ba hujjar zama haka kawai ba ce. Akwai takaful, inda mahalarta ke zuba gudunmawa don tallafar wanda masifa ta faɗa wa. Mu da muka tashi da adashe ba za mu kira wannan baƙon abu ba.

Don haka, ƙungiyoyinmu su yi rajista, sarakunan Hausawa su riƙa tambayar takardar inshora kafin su sa wa taro albarka, a kuma sanya kuɗinta a layin farko na kasafi, kafin na makaɗi. Gemun maƙwabci ya riga ya kama da wuta sau biyu. Lokaci ya yi da za mu shafa wa namu ruwa.